Talhatanar kaka da sikelin dillali

Waɗanda ke saurarena a rediyo sun san ba kasafai nake dogon rubutu ba, baki ya fi mini sauƙi bisa ga alƙalami. To amma maganar yau minti goma sha biyat na shiri ba su ɗaukarta, kuma in na fara ta a iska, masu kiran waya za su maida ta gardama tun ban kai inda nake son zuwa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa.

Abu biyu sunka haɗu mini a sati guda. Wani mai saurarenmu da ke bida a Abijan ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya ɗauko shi daga wani shagon intanet na Turai. Abin wuya ne na azurfa, da jan dutse mai kusurwa uku a ƙasansa. An rubuta da Faransanci cewa tsohon "croix" ne na Abzinawa, azurfa da dutsen grenat, kuɗinsa yuro 180. Yuro guda sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan jikka 118. Ya tambaye ni: "Malam, wanga ba irin na tsohuwata ba na?"

Ran Lahadi kuma, ranar kasuwar Tawa, sai ga innata ta iso daga ƙauyenmu can arewa da Barmu, da ƙulli a bakin zane. Jikanta ke kwance, an rubuta masu takardar magani, gero bai isa a taɓa ba. Abin da ke cikin ƙullin, abin wuyan kakarmu ne, kusan tagwaye da wanda ke cikin hoton Abijan. Ta riga ta kai shi wurin wani dillali. Ya aza shi bisa sikeli, ya ce jan abin kwalba ce, shi ba ya sayen kwalba, zai cire ta ya auna azurfar kaɗai ya ba ta jikka tara. Allah ya sa zuciyarta ba ta kwanta ba, ta ce bari ta biyo ta gida tukuna.

Jikka tara a nan, jikka 118 a can. Tsakanin waɗanga lambobi biyu ne maganata take.

Na ɗauki abin na kai ma wani tsohon maƙerin fari da na daɗe da sani. Bai aza shi a sikeli ba. Ya fara juya shi ya duba baya, sannan ya ɗaga shi ga rana, sannan ya manna dutsen a kumatunsa ya ɗan yi shiru. Ya ce: "Ɗana, wanga dutse na, ba kwalba ba. Kwalba tana ɗaukar ɗumin jiki nan take, kuma in ka duba ta ga haske kana ganin ƴan kumfa ciki. Wanga sanyi garai, kuma ga jijiyoyi nan kamar gajimare." Ya nuna mini zoben da igiya ke bi, yadda ya sirance gefe guda. Ya ce shekaru masu yawa na gogar igiyar fata ne ke yin haka, magagari ba ya iya kwaikwayonsa. Na ce: "Baba, to grenat ne kamar yadda Turawa sunka rubuta?" Ya yi dariya ya ce shi bai san wani grenat ba, su talhatana sunka gada.

Gaskiyarsa. Talhatana, wadda Abzinawa ke ce ma talhakimt, ita ce jan dutsen nan mai zobe sama da tsini ƙasa da matan da ke ratayawa a wuya ko su kitsa shi cikin gashi. In ya karye, ko in ana son a ƙara masa daraja, sai maƙeri ya yi masa gida na azurfa ya zana shi. Wannan ne ake kira tanfuk, shi ne kuma Faransawa sunka sa ma suna croix d'In Gall. Dutsen galibi aƙiƙ ne, wanda ake kira cornaline ko agate a Faransanci. Grenat wani dutse ne dabam, ja mai duhu, sunansa ma daga ƙwayar rumman ya samo asali don kama da sunka yi. Mai shagon intanet ya rubuta grenat ne ko don bai sani ba, ko don ya san kalmar ta fi jan kuɗi.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigi. Jan dutsen nan da muke ɗauka namu ne gaba da baya, baƙo ne. Na farko-farko daga Khambhat yake fitowa, wani gari a jihar Gujarat ta Indiya da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sassaƙa aƙiƙ, ya biyo ta hannun alhazai da fatake har ya iso nan. A ƙarni na 19 sai masu sassaƙa dutse na Idar-Oberstein a Jamus sunka shiga kasuwar: suna sayo agate daga Barazil, su ƙona shi ko su rina shi ya yi ja, su yanka shi da siffar da matan Sahara da na ƙasar Hausa ke so, su turo ta jirgin ruwa. Bayansu masu sana'ar gilas na Gablonz a yankin Bohemiya, garin da a yau ake kira Jablonec a ƙasar Cek, sunka riƙa zuba talhatana ta kwalba cikin ma'auni, ja da kore da shuɗi, mai araha. Saboda haka akwai kakannin da ta kwalba sunka rataya tun shekara ɗari da sunka wuce, kuma ba wanda ya cuce su, sun san abin da sunka saya.

Azurfar ma haka. Kalmar kanta daga bakin Abzinawa munka aro ta, azref. Ƙarfen kuwa mafi yawa sulalla ne anka narke: na Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, waɗanda duk shekarar 1780 ke rubuce jikinsu ko da an buga su bayan nan da nisa, kowane guda giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Daga baya anka shiga narka dala ta azurfa ta Faransa.

To in dutse na Indiya ne ko Jamus, azurfa ta Ostiriya, mi ya rage namu? Hannu. Maƙeri ya murza kakin zuma ya fidda siffa, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba narkakkar azurfa a gurbin, ya fasa yumɓun, sannan ya zauna kwana da kwanaki da magagari da ɗan ƙarfen zane. Tunda sai an fasa yumɓu kafin abu ya fito, babu biyu da ke zama daidai. Wannan aikin ne dillalin innata ya so ya biya da awon giram, ya jefa cikin tukunyar narki. In an narke shi, abin da zai saura giram kaɗan ne na ƙarfe da ake samu ko'ina a duniya. Zanen da wani bawan Allah ya yi a zamanin da ba lantarki ba tabarau, shi ke nan ya tafi.

Bari in taɓo inda na san masu sharhi za su tsaya, wato sunan. Akwai gidajen da mata sunka cire waɗanga kaya sunka ɓoye ko sunka sayar, don an ce masu gicciye ne, alamar wani addini. Fatawa ta malamai ce, ba ta ɗan rediyo ba. Amma tarihi na kowa ne. Kalmar "croix" Turawa sunka zo da ita, sun ga abu mai rassa huɗu sun kira shi da sunan abin da sunka sani. Masu abin ba su taɓa kiransa haka ba: na Agadas teneghelt suke ce masa, wasu zakkat, na Ingal tanfuk. Mutanen da ke ƙera su da masu ratayawa Musulmi ne tun ɗaruruwan shekaru, a garin da hasumiyar masallacinsa ke tsaye tun ƙarni na 16. Masu bincike sun kawo ra'ayoyi iri-iri a kan asalin siffar, har yau ba su haɗu a kan guda ba. Na Ingal ɗin ma, wanda muke magana a kansa, ko rassan babu, kusurwa uku ne. Kakata ta rasu da tasbaha a hannu da tanfuk a wuya, ba ta taɓa jin ana ce masa gicciye ba.

Labarin da ake ba ƴan yawon buɗe ido, cewa uba ke miƙa ma ɗansa shi a matsayin kusurwoyin duniya huɗu tunda ba wanda ya san inda zai mutu, labari ne mai daɗi, yana kuma sayar da kaya. Ni dai a wuyan mata na tashi na gan shi.

Gicciye na gaske mai grenat akwai shi, amma can Bohemiya. Suna da nasu grenat ƙanana, ja kamar garwashi, da ake haƙowa a ƙasarsu a yanka a garin Turnov. A ƙarni na 19 matan Turai sun yi yayinsa sosai, ana jera ƴan duwatsun kusa da kusa bisa gicciye da ƴan kunne da mundaye har ba a ganin ƙarfen. Abin dariya, Turnov da Jablonec maƙwabta ne, nisansu bai kai Tawa zuwa Badagishiri ba: gari guda na yanka ma Turawa dutse, ɗayan na zuba ma kakanninmu kwalba. Kuma su ma ciwon da ke damunmu ya same su, don shagunan baƙi a birnin Prag sun cika da jan gilas da grenat na wasu ƙasashe da ake sayarwa da sunan na gida. Abin da sunka yi shi ne ya kamata mu duba. Ƙungiyar masu sana'ar ta Turnov, mai suna Granát, da anka kafa a 1953, tana buga hatiminta a jikin kaya, tana kuma ba mai saye takardar shaida. Wanda ke son na gaske ya san abin da zai nema.

Mu fa? A jerin croix 21 na Nijar da kuke gani cikin firam a bangon ofis-ofis, jaharmu na da rabo babba: akwai na Tawa, na Abalak, na Cintabaradan, na Tilliya, na Madawa. Jerin kansa ba tsoho ba ne can, a zamanin Turawa da bayan ƴancin kai anka tsara shi, har ma an ƙara na Mano Dayak bayan rasuwarsa a hatsarin jirgi a Disamba 1995. Wannan ya nuna sana'ar tana da rai, tana iya haihuwar sabo. Amma ku je ku tambayi matasan maƙera nawa ke zaune bakin zuga-zugi a yau. Baƙin da ke saye sun ɗauke ƙafa tun tawayen 2007, tseren motocin Dakar ya bar Afirka a 2008, sace Turawa a Arlit a 2010 ya ƙarasa rufe ƙofa. Da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014 ɗiyan maƙera da yawa sun aje guduma sun bi ayari. Arewacinmu kuma, tun harin yankin Tilliya na Maris 2021, kowa ya san yadda tafiya ta koma. Ga azurfa ta yi tsada a kasuwar duniya.

Cikin wannan hali ne maillechort ya cika gari. Farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinc, babu ko ƙwayar azurfa ciki, amma in an goge shi ido ba ya rarrabewa. Kada ku dogara da maganaɗisu, don shi ma galibi ba ya kama shi. Sai an daɗe: azurfa tana yin duhu, a goge da toka ta dawo fes, shi kuwa yana juyawa rawaya-rawaya ko kore, wasu matan ma yana sa masu ƙaiƙayi a wuya. Ni ban ga laifin maƙerin da ya yi aiki da shi ba. Mutum na da iyali, mai saye na da jikka biyu a hannu, ina zai samo masa azurfa? Budurwar da ke son croix de Tahoua ta sa ranar salla tana da haƙƙin ta samu mai araha, kamar yadda kakanni sunka samu ta kwalba. Inda laifi yake shi ne a buga 925 a bayan maillechort, ko a saka jar roba a ce dutse ne, ko a ɗauki aikin jiya a shafa masa baƙi a turbuɗe cikin ƙasa sati biyu a ce na zamanin Kaosan ne. Wannan algus ne, kuma ba sai an kira malami ya fassara mana hukuncin algus ba. Ɓarnarsa kuma tana komawa kan mai gaskiya: da zarar mai saye ya ƙone sau guda, duk maƙerin da ya ce masa "azurfa ce" maƙaryaci ne a idonsa, sai ya taya kowa da kuɗin jabu.

Wani zai ce: kai ɗan birni mai albashi, tarihi ake ci? Mace ta sayar da abinta ta ceci jikanta, ina ruwanka? Ya yi gaskiya rabi. Kayan azurfa bankin mace ne tun asali, don ranar baƙin ciki anka aje su. A farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 da ake ce ma El-Buhari, da su gidaje da yawa na Adar da Azawak sunka sayi hatsi bayan bisashe sun ƙare, kuma da yawan tsofaffin kayan da ke cikin gidajen tarihi da akwatunan masu tarawa a Turai a lokutan nan sunka fita. Ba ni da bakin zargin wadda ta sayar. Abin da nake ƙi shi ne ta sayar a makance. In bankinta ne, to a bar ta ta san nawa ke cikin asusun. Wanda ya ce mata "kwalba ce" alhali ya ga dutse, ko ya auna mata da giram alhali ya san ba narkewa zai yi ba, Yamai zai aika a ɗauki hoto a sa a intanet, wannan ya ci amanar jahilcinta da ciwon jikanta a lokaci guda.

Mu ma masu ɗan hali mu duba kanmu. In za a haɗa kayan aure, zinariyar Dubai ake tambaya, wanda bai da ƙarfi ya sayi sarƙar China da ke kwailewa kafin a yi suna. Azurfar maƙeran gida mun bar ma baƙi da manyan da ake ba kyauta in sun kawo ziyara. A wajen Tawa Sakola, a Disamba 2017, kowa ya yi ado da kayan gida, an ɗauki hotuna, da anka watse shi ke nan. Kamfanin Hermès na Faransa ya ga darajar zanen maƙeran Nijar har ya sa sunka yi masa kawunan bel na azurfa, mu kuwa har yanzu akwai gidan da in ɗan maƙeri ya zo neman aure sai an yi taron dangi. Wannan wata magana ce, ta wani shirin.

Abin da nake ganin za a iya yi ba ya buƙatar jiran wani mai ba da agaji. Albasar Galmi, nan cikin jaharmu, da kilishin Nijar sun samu rajistar asali a hukumar OAPI da ke Yawunde, ba wanda zai ɗauki wata albasa ya sa mata sunan hankali kwance. In an yi ma albasa, mi zai hana maƙeran Tawa da Abalak da Cintabaradan su haɗu su nemi tambari na bai ɗaya? Dama da yawansu suna zana sunansu da Tifinar a bayan aiki. A ƙara hatimi guda na ƙungiya, da ƴar takarda mai layi uku: nauyi giram kaza, azurfa ce ko maillechort, dutse ne ko kwalba. Mai son na jikka biyu ya saya da saninsa, mai son na jikka talatin ya biya ba tare da fargaba ba. A cibiyar masu sana'ar hannu ta Tawa kuma a ware rana guda a sati, ko da Lahadi ce da safe tunda ita ce ranar da mutanen ƙauye ke shigowa, tsofaffin maƙera biyu su zauna, duk macen da ke da tsohon abu ta kawo a duba mata a faɗa mata ko mi ne ne kafin ta je wurin dillali. A biya su ɗan abin goro. Ɗaliban tarihi na jami'ar Djibo Hamani su zo da salula su ɗauki hoton gaba da baya, su rubuta ƙauyen da ya fito, ko an sayar daga baya siffar ta tsaya a gida.

Akwai kuma jingina. Manomanmu sun san warantaj: ka aje buhun wake a sito, a ba ka bashi, in farashi ya tashi ka biya ka ɗauki kayanka. Asusun mata da ke cikin unguwanni da ƙauyuka na iya yin irin haka da azurfa, in an samu wanda zai kimanta da gaskiya da inda za a kulle. Mace ta samu kuɗin magani yau, abin kakarta na jiranta har kaka.

Haka munka yi da innata, a cikin gida. Ni da ƙannena biyu munka haɗa kuɗin takardar, yaron ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ta ƙi karɓa a matsayin kyauta, ta ce: "Ɗana, bashi na ci, ku riƙe abin har in sayar da wake." Yanzu yana cikin akwatin mahaifiyata, an naɗe shi cikin tsohon kallabi.

Ran Asabar mai zuwa tsohon maƙerin nan ya yarda zai zo situdiyo, in Allah ya kai mu, da sharaɗin kada in sa shi magana da Faransanci. Duk mai tsohuwar talhatana ko tanfuk ko wani croix a gida, ya ɗauki hoto biyu da rana, gaba da baya, ya aje dala ashirin kusa da shi don a gane girmansa, ya turo ta akwatin saƙon wannan shafi. Kada ku sa sunan mai abin ko unguwarku a fili, kun san halin da ake ciki. Za mu duba waɗanda lokaci ya bari.